Mutum Ɗaya da Orest Bilyk Ya Ceta

Orest Bilyk ya yi shekara talatin da ɗaya a kan doguwar kujerar gadi a bakin tafkinmu, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa kawo mini rahoton da ya cika daidai ba. Inda aka ce a sa lokaci, sai ya rubuta "bayan abincin rana". Inda aka ce a faɗi yanayin ruwa, sai ya rubuta "lafiya lau". Wata rana takardar ta zo da tabon kofi, wata rana da warin kifi.

Ni ne sakataren reshen garinmu na ƙungiyar ceton rai ta ƙasa, wadda ke koya wa yara iyo, tana horar da masu gadin ruwa, tana ba su takardar shaida. Aikin sa-kai ne. Abincina a ofishin hukumar gari nake nemansa, inda nake akawu. Sunana Wendell Thorlakson. Littattafan reshen ashirin da shida ne, kuma daga na tara zuwa na ƙarshe duk rubutun hannuna ne.

Tare muka taso da Orest. An haife shi a wata gonar alkama yamma da gari, shi ne auta cikin shida. A kududdufin shayar da shanu ya koyi iyo, mahaifiyarsa na riƙe da igiyar da ta ɗaura masa a ƙugu, tana masa faɗa da harshen Yukren daga bakin ruwa. Muna da shekara goma sha shida muka zauna jarrabawar gadi rana ɗaya. A rubuce ban faɗi tambaya ko ɗaya ba, shi kuwa da ƙyar ya tsallake. Sai aka zo kan bulo. Bulo ne na roba mai nauyin laba ashirin, ana jefa shi wuri mafi zurfi a wurin wanka, wato ginannen tafkin iyo na gari, mutum ya nutsa ya ɗauko, ya kawo shi gefe kansa na sama da ruwa. Orest ya ɗauko shi kamar wanda ya ɗauko burodi daga kanti. Ni sau uku ina nutsawa, sau uku ina tasowa hannu rabbana, hancina cike da ruwa. Shekarar da ta biyo baya ma haka. Daga nan aka ba shi usur, ni aka ba ni biro.

Rayuwarsa ba ta da wani lanƙwasa. Da hunturu yana tuƙa motar makaranta, da la'asar yana koyar da yara a wurin wanka na gari. Da zarar ƙanƙarar da ke rufe tafki da hunturu ta narke, sai ya koma kujerarsa a bakin tafki, da hular da rana ta cinye mata launi. Ya auri Halyna, ma'aikaciyar jinya, suka haifi 'ya'ya biyu, duk sun tafi birni. Yana ƙyafe kifi a garejinsa yana raba wa maƙwabta. Ba ya karanta wasiƙun ƙungiya. Taro kuwa, in ya zo, barci yake yi a kujerar baya.

Amma garin nan kaf a hannunsa ya koyi iyo. Ƙungiya tana koyar da ceto hawa-hawa: ka fara da magana, in ba ta yi ba ka jefa abu, in bai yi ba ka miƙa sanda, sannan kwale-kwale, shiga ruwa da kanka shi ne na ƙarshe. Orest bai cika wuce hawan farko ba. Daga yadda yaro ya jefar da tawul yake gane wanda zai yi ganganci. Kafin yaron ya kai inda ruwa ke zurfi, an kira sunansa da na kakarsa. Baƙi masu zuwa hutu kuwa, yakan sauko ya tambaye su inda suka fito, ya yaba musu kare, kafin su ankara ya mayar da su cikin igiyar da ta zagaye inda aka yarda a yi iyo.

Duk shekara a liyafar reshe, in aka ambaci sunansa sai zauren ya ɗauki tafi. Can a ƙarshe, ana kwashe faranti, sai shugaba ta ƙara da cewa, "Da kuma Wendell da ke mana rubuce-rubuce." Na ƙirga: sau biyu an manta ma gaba ɗaya. 'Yata ɗaya ce, Signy. Ni na koya mata dokokin ceto a teburin cin abinci har ta haddace, amma ranar da ta ci jarrabawar gadi, da gudu ta wuce ni ta rungume shi tana ɗigar ruwa. "Kawu Orest, na ɗauko bulon!" Hoton ranar ya yi shekara tara a jikin firij ɗina, su biyu suna dariya. Ni na ɗauka.

Bara da kaka kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Takardar gadi duk shekara biyu ake sabunta ta, kuma bulon nan ba ya duba furfura. Ni ke riƙe da agogo a gefen ruwa. Ya nutsa, ya taso babu komai. Ya sake nutsawa, ya ɗago shi rabin hanya ya sake. Na uku ya taso ya kama gefe yana haki, ya dube ni yana murmushi.

"Akawu, yau na zama ɗan ajinku."

Ba zan ɓoye ba, wani abu mai daɗi ya ratsa ni. Shekara arba'in ina jiran wani ya ji nauyin bulon nan yadda na ji shi. Na rubuta "bai ci ba" da mafi kyawun rubutuna.

Doka a fili take. Wanda takardarsa ta mutu ba zai hau kujera ba, ba zai tsaya gefen ruwa ya koyar ba. Ta Orest za ta mutu ranar ƙarshe ta watan Maris. Shugabar reshe, Jocelyne Lavallee, mace ce da ba ta yarda da cewa ƙofa a rufe take sai ta girgiza ta. Ta tono wani sashe a littafin dokoki: wanda ƙungiya ta ba lambar yabon ceto ya zama ɗan ƙungiya na har abada, yana iya koyarwa daga gefen ruwa ba sai ya sake jarrabawa ba. Sharaɗi biyu ne kawai. Ceton ya kasance a rubuce a littafin reshe, kuma wanda aka ceta ya sa hannu a fom.

"Wannan ai ruwan sha ne," in ji ta a taro. "Orest ya ceci rabin garin nan."

Na ce, "Wa da wa?"

"Kamar ya wa da wa? Kowa ya sani."

"Suna nake so, Jocelyne. Da rana, da lokaci."

Mako biyu mutane suna zuwa ofishina. Mai gyaran famfo ya ce yana da shekara tara Orest ya hana shi bin wata tayar roba da iska ta kwasa. Na ce ya shiga ruwa ya ɗauko ka? Ya ce a'a, usur ya busa. Wata malamar makaranta ta ce ya hana ta tsalle daga gadar kwale-kwale ranar da ruwa ya ja baya. Na ce kin yi tsallen? Ta ce ina fa, ai ya hana ni. Mutum goma sha tara na saurara, na rubuta bayanin kowa, kuma babu ɗaya da fom ɗin zai karɓa. Wanda bai nutse ba, ba a cece shi ba. Ina faɗa musu haka da fuskar tausayi.

Jocelyne ta ce in kawo mata littattafan. Na kai mata duka ashirin da shida a kwali biyu, ina ganin ba za ta wuce na uku ba. Ranar Litinin ta makon ƙarshe sai ga ta a ofis da littafi na goma sha bakwai, yatsanta a tsakiya. Signy na biye da ita, ta baro birni musamman don a yi wa Kawu Orest wani abu.

Jocelyne ta karanta a fili: "Tara ga Afrilu, ƙarfe tara saura minti goma na safe. Namiji, ɗan shekara arba'in da ɗaya, ƙanƙara ta fashe da shi kusa da ƙarshen gada. O. Bilyk ya fito da shi ta hanyar magana da miƙa sanda. Minti bakwai." Ta ɗago kai. "Shekara goma sha biyar ke nan. Wane ne?"

"Ba a rubuta suna ba."

"Na ga ba a rubuta ba. Kai, Wendell, da kake mayar mini da takarda saboda ɗigo ɗaya, ka bar gurbin suna a buɗe?"

"Mutumin bai so ba."

"Na tambayi Orest, wai ya manta."

Signy ta karɓi littafin ta duba, ta rufe. "Baba, ko wane ne wannan, yana cikin garin nan yana jin abin da ake ciki, ya yi shiru. Wannan ai butulu ne."

Na ce zan bincika.

Ga abin da ya faru a tara ga Afrilun nan. Duk ƙarshen hunturu reshenmu yakan ja tsohuwar mota, wadda aka cire wa inji aka ɗaura wa sarƙa, a ajiye ta a kan ƙanƙarar tafki. Mutanen gari su yi ta cankar ranar da za ta nutse, mu kuma mu yi amfani da ita mu nuna wa yara cewa ƙanƙara ruɓewa take yi daga ƙasa. Ni ke auna kaurin ƙanƙarar ina rubutawa. Doka ta ce mai awo ya tafi da igiya a ƙugu da mutum na biyu a gaɓa. Ni na buga dokar da kaina, ni na manna ta a bango. A shekarar nan an yi mako guda ana ɗumi, ƙanƙarar ta koma ruwan toka, ruwa ya kwanta a kanta nan da can. Idona ya ga duk wannan. Amma na buɗe ƙaramin littafin awo na duba: shekara ashirin a jere, a tara ga Afrilu, ba ta taɓa yin ƙasa da inci goma sha huɗu ba. Inci huɗu ma sun isa su ɗauki mutum. Na ce ina ruwana da ta da wani da safe, na taka ni kaɗai kafin in wuce ofis.

Ban ji ƙara ba. Na dai ga kaina a cikin ruwa har wuya, numfashina ya ƙi dawowa. Duk inda na dafa sai ya ɓare.

Orest ya sauke yara a makaranta, yana komawa da motar babu kowa, ya hango hulata. Bai yi gudu ya shigo kan ƙanƙarar ba. Ya tsaya a ƙarshen gada, hannu a aljihu, kamar mai jiran a buɗe kanti.

"Akawu. Daina hawa. Numfasa tukuna. Ƙirga mini goma."

Na ƙirga.

"Yauwa. Juyo ta inda ka fito, can ne ta ɗauke ka ɗazu. Shimfiɗa hannuwanka. Me ke hannunka?"

"Littafin awo."

"Sake shi."

"Na shekara ashirin ne."

"To jefo mini, ɗan banza, zan riƙe maka."

Na jefa, ya sulale har gindin gada. Ya sauko ya kwanta rubda ciki inda ƙanƙarar ke da sauran ƙarfi, ya miƙo mini sandar wasan ƙanƙara da wani yaro ya manta a mota. Ya ce in harba ƙafafuwa kamar mai iyo. Ya ja, na harba, na fito ina jan ciki, ya sa na mirgina har gaɓa. Hawa na ɗaya, hawa na uku, babu kuskure ko ɗaya, daga mutumin da da ƙyar ya tsallake jarrabawar rubutu. Ko ina kakkarwa sai da na lura da wannan, kuma ya ƙona mini rai.

Ya zaunar da ni kusa da abin ɗumama mota, ya lulluɓe ni da rigarsa, ya kai ni gidansa ya ba ni wando da shayi. Ya ce, "Babu wanda ya gani. Ni ma ban gani ba." Ban iya barin abu ya faru a ruwan reshe ba a rubuta ba, don haka na rubuta. Sunan ne hannuna ya ƙi. Tun daga ranar duk shekara ni ake gayyata makaranta in yi wa yara jawabi a kan ƙanƙara, a gabatar da ni a matsayin mutumin da bai taɓa kuskure ba. Wannan ɗaya ne abin da nake da shi wanda Orest ba shi da shi.

Ranar Laraba da la'asar na tafi garejinsa. Yana jera kifi a kan raga da hannun hagu, hayaƙi ya cika wurin.

"Akawu, ka zo karɓar rahoto? Babu."

"Jocelyne ta ga littafi na sha bakwai."

"Na sani. Na ce mata na manta."

"Ba ta yarda ba."

"Ita ta sani. Tsufa ne, ai ana mantuwa." Ya miƙo mini yanki a kan wuƙa. "Ci ka ji. Gishirin ya yi?"

"Ranar Juma'a za a rufe karɓar fom. In babu sa hannu, ka bar wurin wanka ke nan."

"To sai me? Shekara nawa Halyna ke cewa in zauna. Zan koma kamun kifi. Kai dai ka riƙe bakinka, yara suna jin maganarka a makaranta, kada ka ɓata abin da ke aiki saboda guntun ƙarfe."

Ya goge hannu a wando, ya ciro wata takarda daga aljihun rigarsa ya ba ni. Ya ce in ba duk wanda zai karɓi ajinsa. Sunayen yara ne goma sha huɗu, a jere, kowanne da bayani a gabansa. Wannan tana tsoron sa fuska a ruwa, a fara da hura kumfa. Wannan ya iya amma yana ƙarya ya gaji. Wannan kada a yi masa tsawa, a gida ana yi masa isasshe. Babu tabon kofi, babu gurbi. Ashe ya iya cika takarda. Da ya sunkuya ya ƙara itace, na ga igiyar usur a wuyansa, a ƙarƙashin riga, a cikin gareji, a watan Maris.

Na fito raina a ɓace. Na je ne don ya roƙe ni. Da ya roƙa, da ko sau ɗaya na tsaya sama da shi, ya ɗago kai yana dubana. Maimakon haka ya sake miƙo mini sanda. Zai bar yaransa goma sha huɗu don ya rufa mini asiri, ni kuma in ci gaba da zama a garin nan da sanin haka har in mutu, ina ganinsa a kwale-kwale yana ɗaga mini hannu. Ya riga ya ɗauki bulon, ya ɗauki tafin, ya ɗauki rungumar 'yata. Wannan ma zai haɗa da shi. Na zauna a mota na ce ban yarda ba.

Ranar Juma'a da ƙarfe huɗu aka yi taron reshe a ɗakin sama na wurin wanka. Mutum takwas ne, har da Signy a kujerar baƙi. Orest bai zo ba. Da aka zo kan maganarsa, na buɗe littafi na sha bakwai, na cika gurbin, na ja layi a gefe na rubuta ranar gyara da haruffan sunana, yadda doka ta ce a yi gyara. Sannan na sa hannu a fom, na tura wa Jocelyne duka biyu.

Ta karanta. Ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

"Wendell Thorlakson," in ji ta, a hankali, kamar sunan baƙo.

Na ba su labarin a taƙaice, har da littafin awo. Daga ƙasa ana jin yara suna fantsama ruwa. Sai ma'ajinmu, wani tsohon masunci da bai cika magana ba, ya ce, "Inci nawa ce ranar?"

"Uku da rabi, inda na faɗa."

"Littafi ya ce nawa?"

"Goma sha huɗu."

Ya kifa kai a tebur yana dariya har da tari. Sauran suka bi. Jocelyne ta daure ta daure, ta ce, "Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi," ita ma ta fashe. Signy ba ta yi dariya ba. Da muka fito ta bi ni har mota, ta tsaya tana wasa da makulli.

"Baba, na ce maka butulu."

"Kin ce."

"Ka bar ni na faɗa."

"Daidai ne a lokacin. An gyara ranar Juma'a da ƙarfe huɗu da minti ashirin."

Ta dube ni. "Da gaske da littafi a hannu ka faɗa?"

"Bai jiƙe sosai ba."

Ta kama hannun rigata ta riƙe har muka isa ƙofar mota. Sannan ta ce bari ta je ta gaya wa Kawu Orest, ta tafi da sauri.

Lambar ta iso a watan Yuni. An ba shi ita a bakin tafki, a gindin kujerar da wata yarinya da ya koyar ke zaune a kai yanzu. A jawabinsa ya ce abin ya faru ne a watan Mayu, shekara goma da suka wuce, kuma wai ni na yi yawancin aikin. Babu ɗaya da yake daidai. An tafa masa minti ɗaya da rabi. Yana nan gefen wurin wanka duk la'asar da yaransa, hannu ɗaya a aljihu, yana kiran sunan kowa da na kakarsa.

Ni kuwa yaran gari sun raɗa mini Inci Sha Huɗu, har a kanti. Makaranta ba ta daina gayyata ta ba, sai dai yanzu mu biyu ake kira. Nakan yi minti ashirin da allo da lambobi. Shi yakan tashi ya ce, "In ƙanƙara ta yi ruwan toka, ku ƙyale ta, ko littafi ya ce me," ya zauna. Shi suke bi har bakin mota.

Signy ta aiko da hoton ranar lambar, na sa shi a firij kusa da na da. A wannan karon ina ciki, daga gefen hagu, kafaɗa ɗaya da rabin fuska. Na auna da rula. Orest ya ci inci huɗu da kwata. Ni inci ɗaya da rabi.